Mu Daina Sayen Cajar Da Za Ta Ja Mu



Makon jiya malaminmu na Basic Technology ya zo aji da matattun caja guda biyu, ya fasa su a gabanmu. Tun daga ranar muke tsoron cajar da ke gidajenmu.

Wutar da KEDCO ke kawowa volt 230 ce, ta janareta ma kusan haka take. Waya kuwa volt 5 take sha. Ke nan a cikin wannan ɗan akwatin da bai fi na ashana ba akwai ɓangare biyu: na wuta mai kisa, da na wutar da muke riƙewa a hannu. Ƙaramar taransifoma ce ke miƙa ƙarfi daga wancan zuwa wannan ba tare da wayoyinsu sun haɗu ba.

Amma dole ɓangaren waya ya riƙa gaya wa ɗan uwansa "ƙara" ko "rage". To ta yaya, alhali an hana su taɓa juna? Malam ya nuna mana wani ɗan baƙin abu mai ƙafa huɗu, wai shi optocoupler. Ɗan ƙwan fitila ne a ciki yake aika saƙo da haske, kamar mutum biyu a gaɓar rafi suna haska wa juna tocila. Akwai kuma sabon salo, digital isolator, da ake sa wa a manyan na'urori irin inbatar sola. Shi saƙonsa yana tsallaka wani siririn shamaki ne da wuta ba ta ratsawa, ya fi sauri, kuma ba shi da fitilar da za ta dushe.

A caja mai kyau mun ga fili sosai tsakanin ɓangarorin biyu, har da tsaga a jikin allon. A ta bogin kuwa, da ƙyar bakin reza zai shiga tsakani. Raɓa ko ƙura kaɗan ta isa ta haɗa su, sai volt 230 ta biyo igiya har hannun ƙaninka da ke wasan gem.

Wani zai ce ai talauci ne. Mun sani. Kuma a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa waya ba kwalliya ba ce. Da ita ake jin ko hanya lafiya. Da aka rufe layukan waya a yankinmu a watan Satumba 2021 muna ƙanana, amma mun ga yadda iyayenmu suka shiga damuwa. Duk da haka, cajar bogi ba ta daɗewa. Wanda ya sayi uku a shekara ina arhar take? (Kada nauyi ya ruɗe ku, wasu ƙarfe ake cusa musu don a ji su da nauyi.)

Muna roƙon hukumar SON, wadda aikinta ne duba ingancin kaya, ta riƙa leƙo kasuwannin ƙauye. Mu kuma kada mu kwanta da waya a caji, kada mu taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu bayan alwala. In caja tana zafi sosai, tana ƙara ko tana ɗan ja, a cire ta.

Mai matacciyar caja a gida ya kawo wa Press Club ranar Alhamis, malam zai buɗe a gaban kowa. Kada ku fasa da kanku, domin tana iya riƙe sauran wuta ko bayan an zare ta daga soket.