Yi Wa Tsohuwar Kwamfuta Kishiya

Mai karatu, duk wanda ya leƙa ɗakunan ɗalibai a yau zai tarar yawancin kwamfutocin cinya da muke aikin kundin digiri da su 'yan gwanjo ne, sun sha jiki a Turai kafin su iso hannunmu. A ran 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro, sai fa ga wanda ya shiga shirinsu na ƙarin wa'adi. Ita kuwa Windows 11 ta gindaya sharuɗɗan da galibin tsofaffin na'urori ba su cika ba. Shi ke nan sai ɗalibin da ya fito daga Tsafe ko Bunguɗu, wanda da ƙyar aka haɗa masa kuɗin makaranta, ya je ya sayo sabuwa? A nawa ganin, a'a. Abin da ya kamata shi ne a yi wa Windows kishiya, wato a girka wata babbar manhaja ta biyu a cikin kwamfutar, su zauna gida ɗaya.

Amaryar da nake nufi ita ce Linux, wadda Linus Torvalds ya soma a ƙasar Finlan a 1991, shi ma yana ɗalibi a lokacin. Kyauta ake samunta, ba sadaki. Tana da iri-iri, amma marasa nauyi kamar Lubuntu sun fi dacewa da na'urar da ƙwaƙwalwar aikinta ba ta wuce gigabayit 4 ba. Har ila yau tana da tsarin madannai na Hausa, mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, abin da ɗalibin wannan sashe ba zai raina ba.

Wasu abokaina masu zafin kai sukan ce a saki uwargida kawai, a share Windows baki ɗaya. Ban yarda ba. Shagunan buga takardu na Gusau da Word suke aiki, kuma takardar da aka tsara da LibreOffice takan sauka a wurinsu layukanta sun goce, shafi ya hau kan shafi. Saboda haka a bar uwargida a ɗakinta domin irin wannan hidima, a riƙa shiga intanet ta wajen amarya, tun da ita ce ke samun gyaran tsaro.

Yadda ake rabon gidan ba shi da wuya. Za a rage wa Windows fili a rumbun ajiya, kamar gigabayit 30 zuwa 40. Sai a zuba Linux a filashi, a tayar da kwamfutar daga gare shi, a zaɓi girkawa kusa da Windows. Daga nan duk lokacin da aka kunna na'urar, wata 'yar manhaja mai suna GRUB za ta tambayi maigida ɗakin da zai shiga. Rabon kwana ke nan. Zaman kishiyoyi kuwa ba ya rasa 'yar tsama: Linux da agogon duniya take lissafi, Windows da na gida, don haka agogon kwamfutar kan saɓa da awa ɗaya har sai an daidaita su. Kada wani ya dogara da shi ya makara lacca.

Inda nake son mu daɗe shi ne abin da ake yi kafin a taɓa komai. Ni mutumin ƙasar 'Yandoto ne, garin da ya yi suna wajen malamai tun kafin jihadi. Masana tarihi sun ruwaito cewa da rundunar Muhammadu Bello ta ci garin wajen shekarar 1806, littattafan malamansa sun watse, kaɗan ne ƙwarai ake iya nunawa a yau. Ba shari'ar wancan zamani nake yi ba. Abin da ke damuna shi ne, rubutun da ke da kwafi ɗaya tak rana ɗaya ta isa ta tafi da shi. Na ga haka da idona. Wani abokin karatuna ya kai kwamfutarsa wurin mai gyara domin wannan aiki, mai gyaran ya zaɓi share rumbu gaba ɗaya a maimakon girkawa a gefe. Babi uku na kundinsa, da hirarrakin da ya naɗo daga bakin tsofaffi a ƙauye, suka tafi. Ɗaya daga cikin tsofaffin nan ya riga mu gidan gaskiya, ba a sake samun muryarsa.

Don haka a kwashe komai a zuba a wani filashi daban, a kuma buɗe a tabbata ya kwafu. Sannan a duba batir. Yawancin 'yan gwanjon nan batirinsu ya mutu, in aka ɗauke wuta ana tsakar yanka rumbu, to uwargida da amarya duka na iya salwanta. Wanda batirinsa ba ya riƙe awa guda, ya nemi wurin da aka tayar da janareta, ya biya kuɗin caji, ya zauna a gaban na'urarsa har a gama.