Lambobi huɗu a jikin taya sun fi sunan kamfani muhimmanci

Matashin da zai sayi waya a yau ba ya yarda da bakin mai kanti. Sai ya duba RAM, ƙarfin batir, shekarar da aka fitar da wayar, ya kalli bidiyo uku ko huɗu a YouTube kafin ya ciro kuɗi. Amma idan tayar motar gida ta ƙare, wato Corolla ko Camry ɗin da ke kai ƙanne makaranta, ta kai Hajiya asibiti, ta ɗauki iyali zuwa ƙauye da sallah, sai a tafi kasuwa a ce wa mai taya: "Ba mu mai kyau, mai sauƙi." A nan kuskuren yake. Taya ma tana da bayananta a rubuce a jikinta, kuma wanda ya iya karanta bayanan waya ya fi kowa a gida cancantar karanta su.

A gefen kowace taya akwai rubutu kamar 195/65 R15 91H, irin wanda ake gani a kan Corolla da yawa. Lamba 195 faɗin tayar ne a milimita. Lamba 65 na nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 ne na faɗin. R15 na nufin rim mai inci 15. Lamba 91 nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka ne, wato kilo 615, shi kuwa H alama ce ta gudun da ta iya jurewa, kilomita 210 a awa. Girman da ya dace da mota, da yawan iskar da ake so, suna kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Hoto ɗaya da waya ya isa a tafi da shi kasuwa.

Sai babban abin dubawa: ranar haihuwar tayar. Bayan harufan DOT akwai jerin lambobi, huɗun ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta. Idan an ga 2321, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2021. Roba tana tsufa ko da ba a hau ta ba, ta bushe, ta tsattsage daga ciki. Michelin na ba da shawarar a riƙa duba taya duk shekara bayan ta cika biyar, a kuma sauya ta idan ta kai goma komai kyan fuskarta. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta daɗe tana gargaɗi da ƙasa da haka, shekara huɗu.

Wannan ne ya sa tayar gwanjo, wadda ake kira 'yar Beljiyam, ba ciniki ba ce, caca ce. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Legas a 2008, kasuwa ta dogara kan na waje. Tayar mota da aka riga aka yi amfani da ita tana cikin jerin kayan da kwastan ta hana shigowa da su, amma tana nan jibge a kasuwanni. Sau da yawa ana cusa taya cikin taya don kwantena ta ɗauki da yawa, abin da ke iya lanƙwasa wayar ƙarfen da ke bakinta. Wasu kuma tayoyin hunturu ne, masu alamar ƙanƙara a cikin hoton dutse, an yi robarsu da laushi don yanayin da bai kai digiri 7 ba. A ɗora irin wannan a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma kwalta ta fi haka ƙuna, da mutum biyar da buhun shinkafa a but, neman magana ne.

Masu sayen gwanjo suna da hujja: sabuwa ta yi tsada, kuma tsohuwar Bridgestone ta fi sabuwar da ba a san sunanta ba. Maganar tsada gaskiya ce. Amma sunan kamfani ba ya faɗin ramukan da tayar ta faɗa, ko facin da aka yi mata ta ciki, ko shekarun da ta yi a rana. Sabuwar taya ta matsakaicin kamfani, daga dila mai ba da rasit, mai sabon kwanan wata da girman da ya dace, ta fi babban suna mai ɓoyayyen tarihi. Idan kuɗi bai kai na huɗu ba, a sayi biyu iri ɗaya a sa su a baya, domin idan baya ya zame a kan jiƙaƙƙiyar hanya, sitiyari ba ya iya ceto cikin sauƙi. Araha dai ba ta ado.

Bayan saye, sauran aikin ba shi da wahala. A cikin ramukan zanen taya akwai ƙananan tudu masu tsayin milimita 1.6, ranar da zanen ya yi daidai da su, tayar ta gama aiki. Iska kuma a auna ta da safe kafin mota ta yi tafiya, domin yatsan mai faci da bugun ƙafa ba ma'auni ba ne. Ƙaramin ma'aunin iska na dijital, ko na'urar TPMS da ake ɗaurawa a kan bawul ta riƙa aiko da bayani zuwa waya ta Bluetooth, ba su kai kuɗin taya ɗaya ba.

Duk nauyin mota da ran mutanen cikinta suna kan wurare huɗu ne, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Matashin da ke zaɓa wa Baba waya, ya kamata ya raka shi wajen mai taya, ya kunna fitilar wayarsa, ya nemi lambobi huɗun nan kafin a fara maganar kuɗi.