Injiniyan Da Tirmini Da Kasuwanninmu Ke Bukata

Duk ɗan kasuwar da ya saba bin hanyar Maraɗi zuwa Zinder ya san Tirmini, garin da ake ratsawa bayan an wuce Takeita, dab da shiga birnin Damagaram. Masu tarihi sun san shi da yaƙin shekarar 1899, lokacin da dakarun Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga suka tari sojojin Faransa, aka fi ƙarfinsu, Nasara suka shiga birni. Wancan yaƙi ya wuce, amma akwai wanda mutanen Tirmini da kewaye ke gwabzawa kowace shekara: da rani ƙishirwa, da damina ambaliya. Wanda ya kamata ya ja gaba a wannan yaƙi kuwa shi ne injiniyan gine-gine, mai shata hanya da kwalbati da magudanar ruwa da rijiya da rumfunan kasuwa.

Matsalar ruwa a Damagaram ta girmi kakanninmu. Birnin Zinder a kan dutse yake zaune, shi ya sa ake shan wuya kafin a cim ma ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Turawan mulkin mallaka suka ɗauke hedkwatar Nijar daga Zinder suka mayar da ita Yamai a 1926. Daga baya sai da aka fita wajen gari, zuwa Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram, aka janyo ruwa ta bututu. Mai tuwo-tuwo da mai fura da mai wankau sun fi kowa sanin abin da ake nufi idan famfo ya ƙafe, domin rabin ribar yini a hannun 'yan ga-ruwa take ƙarewa.

Idan damina ta faɗi kuma sai labari ya sha bamban. A 2024 ambaliya ta halaka mutane fiye da 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A watan Satumba na shekarar ne tsohon masallacin unguwar Birni a Zinder, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kafin nan, a watan Agusta na 2023, wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka. Mun yarda komai ƙaddara ce, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Ɗaure raƙumi a nan shi ne samun masu ilimin gini na gaskiya, a kuma saurare su.

Irin mutumin da muke nufi ba tatsuniya ba ne, an yi shi a ƙasar Hausa. A ƙauyen Yama da ke jihar Tawa an yi wani manomi kuma magini mai suna Alhaji Falke Barmu. A 1962 dattawan garin suka ɗora masa aikin gina masallacin Juma'a. Bai nemi kamfani daga birni ba, jama'ar gari ya haɗa: wasu na buga tubali, wasu na ɗauko itace, mata na jido ruwa. A 1975 ya koma ya gyara rufin ya ƙara ƙubba, tsakanin 1978 da 1982 kuma ya tayar da hasumiyoyi huɗu a kusurwoyin masallacin. A 1986 wannan gini na ƙasa ya ci kyautar Aga Khan, ɗaya daga manyan kyaututtukan gine-gine na duniya. Abin lura a rayuwarsa shi ne shekara ashirin yana komawa kan aiki ɗaya yana gyarawa, domin a garin yake kwana, a masallacin yake salla, iyalinsa ma a ƙarƙashin rufin suke tsayawa. Wanda zai zauna a inuwar ginin da ya yi ba ya ha'inci a harsashi.

Wannan gado bai mutu ba. A garin Dandaji, shi ma a jihar Tawa, wata 'yar Nijar masaniyar zanen gine-gine, Mariam Issoufou, ta tsara kasuwa da aka kammala a 2018, da tubalin ƙasa da aka matse da inji, da rumfunan ƙarfe masu launi da ke ba masu talla inuwa. A garin ne kuma ita da abokiyar aikinta suka mayar da tsohon masallacin da Falke Barmu ya gina ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa, tare da maginan gari. Ashe ilimin boko da na gargajiya na iya cin tuwo a akushi ɗaya.

To, mene ne ke raba injiniyan kirki da na bogi? A wajen aiki ake gane shi. Shi ne wanda zai zagaya gari da ƙafarsa ya tambayi tsofaffi inda ruwa ke bi tun zamanin da, kafin ya ce ga inda za a sa kwalbati. Shi ne zai tsaya a kan ma'auni: idan tsari ya ce siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, ba zai bari a ƙara yashi don a ɓoye buhu biyu ba. Zai sa a riƙa ba kankare ruwa aƙalla kwana 7, domin ya san sai ya kai kwana 28 yake cika ƙarfinsa. Zai auna kaurin rodi da kansa. Idan ginin ƙasa ne, zai gaya maka cewa ta ƙafa da ta kai katanga ke mutuwa, saboda haka a ɗaga harsashi, a gyara indararo, a yi yaɓe kafin ruwan fari. Idan mai kuɗi ya ce a rage, zai iya cewa a'a, ko da kwangilar za ta kuɓuce masa.

A nan ne maganar iyali ta shigo, kuma a nan muke so iyayenmu mata na kasuwa su ba mu kunnuwansu. Yaro ya gama karatu ya zama injiniya, tun bai karɓi albashin fari ba dangi sun jera masa bukatu: wannan na son jari, wancan na son kujerar Makka, uwa na cewa ɗan wance ya gina bene shi yana nan da tsohon babur. Da yawa daga cikin buhunan simintin da ke ɓata a wurin aiki, matsin gida ne ke sa su ɓata. Gidan da ya iya haƙuri da halaliyar ɗansa, matar da ba ta auna mijinta da motar maƙwabci, su ma sun sa hannu a kowace gada da ta tsaya da ƙafarta. Injiniyan da ke komawa gida ya ci tuwo da 'ya'yansa ba tare da fargabar wani gini zai faɗa kan 'ya'yan wasu ba, shi ne mai arziki.

Mu ma 'yan kasuwa sai mun faɗa wa kanmu gaskiya, ko da da ɗaci. A shagunanmu ake sayar da simintin da ya sha danshi ya fara dunƙulewa, a kuma karɓi kuɗin sabo. A wurinmu ake miƙa siririn rodi da sunan mai kauri. Mu ne ke kafa teburi a kan magudanar ruwa, mu zuba leda da ɓawon kayan miya a ciki, ran da ruwa ya shiga rumfa ya jiƙa atamfa da buhunan gero kuma mu ɗora hannu a ka muna zagin hukuma. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa, daga na Tirmini har na kasuwar Dole a Zinder, da su yi abu uku. Na farko, duk aikin da za a yi a kasuwa ko a bakin hanya, shugabanninsu su nemi magajin gari ya nuna musu injiniyan da ke kula da shi da abin da aka tsara, su riƙa leƙawa tun ana haƙa harsashi, kada su jira ranar yanke ƙyalle. Na biyu, su sa ranar yashe magudanu kafin kowace damina, su kuma hukunta duk ɗan ƙungiyar da aka kama da sayar da kayan gini na algus. Na uku, kamar yadda ake zuba adashi don biki, a ware wani abu don ɗaukar nauyin yara masu ƙwazo, maza da mata, su karanci aikin injiniya. Makarantu na nan: ga makarantar EMIG a Yamai, ga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A yi yarjejeniya da su cewa idan sun gama za su dawo su yi wa garinsu aiki na wasu shekaru.

Hukumomi kuma muna roƙonsu su daina fifita ɗan kwangila mai baki a kan injiniya mai gaskiya, su kare wanda ya ƙi sa hannu a kan aikin banza maimakon su yi masa canjin wurin aiki.

Sarki Tanimu ya kewaye Zinder da ganuwa don ya tsare talakawansa daga mahara. Ganuwar da jikokinsu ke bukata yanzu ita ce magudana mai zurfi, kwalbati mai ƙwari da famfon da ba ya ƙafewa, kuma 'ya'yanmu ne za su gina ta idan muka tarbiyyantar da su a kan amana. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare dukiyoyinmu da rayukanmu, amin.