Kwali a ƙwauri: wa zai ɗinka wa yaran Aljirif kariya?

Ɗan ƙanwata shekararsa goma sha ɗaya. Ranar wata Juma'a bayan la'asar ya shigo gida yana ɗingishi, jini ya bushe a ƙwaurinsa na dama, yana ta dariya wai sun ci biyu da nema. A dafuri ne wani yaro ya kai wa ƙwallo shuri ya samu ƙafarsa, shi kuma ya faɗi a kan fasasshen jan bulo. Duk wanda ya san Aljirif ya san ba filin da babu ɓaraguzan bulo, tunda kamayin suna nan bakin kogi tun kafin a haife mu. Uwarsa ta wanke da ruwan gishiri, muka ce gobe zai warke. Kwana biyar ciwon ya ruɓa, ƙafa ta kumbura har idon sawu, zazzaɓi ya rufe shi. Sai da muka ɗauki raksha muka zaga wurare uku kafin mu samu inda za a wanke ciwon a yi masa allurar sandarau. Kuɗin da ya tafi a satin nan ya isa a saya wa tim ɗinsu duka abin kare ƙafa.

Da na tambaye shi me ya sa bai sa komai ba, sai ya ce, "Kawu, na sa kwali, ya zame ne." Kwalin sabulu ya yanka ya ɗaure da tsumma. Wannan amsa ce ta sa nake rubutu yau. Yaran nan sun san ƙwauri yana buƙatar kariya. Mu manya ne ba mu ba su abin da zai zauna a ƙafarsu ba.

Ka taɓa ƙwaurinka yanzu ka ji. Ƙashi ne da fata kawai, ba tsokar da za ta tare duka. Ciwo a wurin yana da jinkirin warkewa, ga shi ƙashin yaro bai gama ƙwari ba. Kafin 15 ga Afrilu 2023 irin wannan rauni abin kwana biyu ne, ka je mustashfa a ɗinke. Yanzu, duk da mutane suna ta dawowa Khartum tun bayan Maris 2025, asibitoci da yawa ba su koma yadda suke ba, magani ya yi tsada, filayen kuma cike suke da gilashi da guntayen ƙarfe da yaƙi ya bari. Ƙaramin yanka yau babbar magana ce.

Wani zai ce, to a je Suk Libya a sayo mana. Na je, na kuma gani. Abin da ake kawowa an yi shi ne don ɗan wasan da ke da doguwar safa mai matsewa, da takalmi mai ƙusa, da ciyawa a ƙarƙashinsa. Falle ne na roba da ake cusawa cikin safa, safar ce ke riƙe shi. Yaronmu ba shi da safa. Da yawansu ba su da takalmi ma. Ga zafin watan Mayu da ke wuce digiri 40, wa zai sa safar nailan har gwiwa? Yawanci kuma girman ƙafar babba ne, yaro ya ɗaura ya fara gudu, abin ya juya ya koma kan sha-raɓa, ƙashin yana waje. Bayan minti goma sai ka ga ya cire ya jefar bakin fili.

Abin da ya ba ni mamaki da na bi tarihin abin, asalinsa ba cikin safa yake ba. A 1874 wani ɗan wasan Nottingham Forest a Ingila, Sam Widdowson, ya yanke kariyar ƙafa ta 'yan kurket ya ɗaure ta da maɗauri a kan safarsa, daga waje. A Amurka ma, a 1907, Roger Bresnahan na New York Giants, mai cafe ƙwallo a bayan mai bugu a wasan besbol, ya fito da irinta a fili, 'yan kallo suka yi ta yi masa ihu. Har yau mai cafe ƙwallo a besbol, babba ko yaro, kariyarsa da maɗauri take zagaye ƙafa, tana da gaɓoɓi inda ƙafa ke lanƙwasa, kuma ana auna ta da tsawon ƙwaurin mai sa ta. Mu nan ba ma buga besbol, ba ma buƙatar abin ya hau gwiwa. Amma dabarar maɗauri da awo ita ce daidai da yaron da ke wasa ba safa.

Dokar ƙwallon ƙafa ta wajabta kariyar ƙwauri tun 1990. A 2024 kuma masu tsara dokar suka ce ɗan wasa ne ke da alhakin zaɓen girman da ya dace da shi. Ga babban da ke cin albashi, da likita a bakin fili, ba laifi. Amma yaranmu suna kallon irin su Jack Grealish a waya, safa a ƙasa, kariya kamar akwatin ashana, su ɗauka wannan ce burgewa. Yaro ɗan shekara goma ba a bar masa wannan zaɓin.

Ra'ayina shi ne mu yi abinmu da kanmu. Mu ne fa jikokin dukawa. Hannun da ke ɗinka markub a kasuwar Umdurman, da telolinmu da ke zaune ba aiki sosai, wannan ba zai gagare su ba. Kayan aikin ma suna zube a unguwa: jarkokin man girki da takaya suka ƙarar, a yanka bayansu a goge baki ya yi sumul, a huda ƙananan ramuka don iska, tsohuwar sifinja a ciki ta shanye duka, a lulluɓe da damuriya don ta sha gumi kuma a iya wankewa, maɗauri biyu, ɗaya ƙarƙashin gwiwa, ɗaya saman idon sawu, da ɗan zare da zai bi ta ƙarƙashin dunduniya ya hana abin hawa ko juyawa. Tsawonsa daga yatsa biyu saman idon sawu zuwa yatsa uku ƙasan gwiwa. Girma uku ya isa: na ƙanana, na tsakiya, na samari.

A kula dai: ban da jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari, ban da robar da rana ta gasa har take karyewa, ban da bututun ruwa, don idan ya fashe yana yin tsini kamar wuƙa. Kuma kada a yaudari iyaye. Wannan abu yana rage yanka da ƙujewa da kumburi. Shuri mai ƙarfi yana iya karya ƙashi ko da an sa shi, mai ɗori ba zai rasa aiki ba.

Sauran aikin na masu shirya wasannin rabita ne. Hilal da Marik sun kwashe kaka guda suna wasa a Muritaniya saboda ba filin da za su taka a gida. Idan sun dawo, daga waɗannan filaye na ƙura za su nemi 'yan wasa, kamar yadda aka saba tun da. Alƙalin wasa ya duba ƙafa kafin ya busa. Amma kada a kori yaro don ba shi da kuɗin saye: rabita ta ajiye guda ashirin da biyu a buhu, a raba kafin wasa, a karɓa bayan wasa, a wanke.

Na kai wa wani baduku a unguwarmu awon ƙafar yara uku, har da ɗan ƙanwata, wanda tabon ya riga ya zauna masa. Ya juya jarkar a hannu, ya ce, "Malam, ɗinkin ba wuya, maɗaurin ne zai ba mu aiki, don gumi yana sa fata ta saki." Ya ce zai gwada da igiyar jakar makaranta. Ranar Juma'a mai zuwa, in sha Allahu, yaran za su sa su shiga fili, ni kuma ina bakin layi ina duba ko zai zame.