Takin Ganye da Tsadar Takin Zamani

Bayan haka, tun shekarar 2022 da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukuren kuɗin takin zamani ya hau, domin Rasha tana cikin manyan masu sayar da shi ga duniya. A 2023 kuma Gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin man fetur, kuɗin dakon buhu ya ƙaru. Saboda haka hankalin manoma ya koma kan takin ganye, watau a shuka wake ko gyaɗa ko waken suya, a turbuɗe su cikin ƙasa tun suna ɗanyu su ruɓe.

To, ya kamata jama'a su san haƙiƙanin al'amarin. Wanda ya tuge wake zai ga 'yan ƙulle-ƙulle a saiwarsa. A cikinsu akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke jawo naitirojin daga iska, watau sinadarin da ake saye a buhun yuriya. Wannan riba ce tsantsa ga gona. Amma fosfaras, wanda ke cikin takin supa, da kuma fotash, iska ba ta ba da su. Daga ƙasa shuka ke zuƙarsu ta tara a ganye da kara. Su ne uwar kuɗin gona.

A nan haɗarin yake. Damina a Arewa gajera ce, da wuya manomi ya turbuɗe wakensa bai ci ba. Yakan roro 'ya'yan, ya ɗaure harawa, fatake su saya su kai birni. Gonar da ake kwashe wa harawa kowace kaka ba a mayar mata da kome, kamar ɗan kasuwa ne mai cin uwar kuɗinsa yana zaton riba ce. Ƙarshenta ƙasa ta gaji, ƙuduji ya mamaye dawa.

Maganin abin shi ne dabbobi su ci harawa, a mayar da takinsu gonar da ta fito, a kuma riƙa juya wake da hatsi. Kada a sare gawo, domin da damina yake zubar da ganye, gero ya yi kyau a gindinsa, kamar yadda manoman Damagaram suka sani. Supa kuwa a saya ko kaɗan ne, domin wake ma yana bukatarsa.

Allah ya ba da damina mai albarka, amin.