A Rage Layar Zana, A Bar Maharbi Ya Yi Harbinsa

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wani wasa da aka fitar a Amurka a shekarar 1974 mai suna Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka tsara. Ba a buƙatar waya ko lantarki. Mutum huɗu ko biyar ne za su kewaye tebur, ɗaya ya zama mai ba da labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin: wannan mayaƙi, wancan ɓarawo, wani matsafi. Idan ka ce za ka tsallake rami ko ka sari dodo, sai a jefa ƙwaya irin ta lido, amma tasu har da mai fuska 20, lambar da ta fito ita ce za ta nuna ko ka yi nasara. A taƙaice tatsuniya ce da masu sauraro suke da bakin magana a cikinta.

Fiye da shekara 50 ke nan masu wannan wasa suna gardama a kan abu ɗaya. A farkon wasa matsafi shi ne mafi rauni, siddabaru ɗaya tak yake da shi a yini, in ya yi amfani da shi sai ya koma bayan mayaƙi ya laɓe. To amma da tafiya ta yi nisa sai ya iya tashi sama, ya ɓace, ya buɗe ƙofa ba mabuɗi. Daga nan ɓarawon da ya ƙware wajen buɗe kwaɗo ya zama ɗan rakiya, mayaƙi kuma ya zama ɗan kallo. Shi ya sa wasu suka koma tsara wasannin da tsafi ya yi ƙaranci a cikinsu, kuma yake da tsada. A wani mai suna Call of Cthulhu da ya fito a 1981, mai taɓa tsafi hankalinsa ne yake raguwa kaɗan-kaɗan.

Yanzu da wasu cikinmu suke son mu tsara irin wannan wasa da Hausa don ranakun da babu darasin yamma, ra'ayina shi ne mu bi bayan waɗannan na biyun. Kuma ba sai mun yi aro daga Turawa ba, domin kakanninmu sun riga su gano haka.

Ku duba Gizo. Ba shi da laya, ba shi da ƙarfi, ko maganar kirki bai iya ba sai tsamin baki. Amma shi yara suke jira a tatsuniya, saboda kowa yana son ya ga ta inda zai ɓullo. Da a ce Gizo yana da layar zana, duk lokacin da Kura ta rutsa shi ya shafa ya ɓace, da tuni an daina kawo shi a dandali. Haka littafin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934. Akwai aljannu a ciki, kuma sun taimaka wajen kaiwa ga ruwan, amma tambayi duk wanda ya karanta abin da ya fi tunawa, zai ce maka ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, inda kowa ke kwana yana ƙulla wa ɗan'uwansa dabara. Ko Bayajidda, a labarin da ake bayarwa, takobi ya sa ya sare macijin rijiyar Kusugu a Daura. Bai karanta komai ya tofa ba.

Filin dambe ma haka yake. Ɗan dambe yakan shigo da layu a damtse da guru a ƙugu, makaɗi yana zuga shi kamar yadda Ɗan Anace ya riƙa zuga Shago. To amma abokin karawarsa ma ya sha nasa ɗaurin. Idan kowa yana da laya, me zai raba gardama a turmi uku? Sai numfashi, da ƙafa, da sanin lokacin da za a kai naushi. A kokowar takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, 'yan kokowa kan shigo da guraye har ba ka ganin cikinsu, kuma duk da haka a yawancin karawa sai ɗaya ya sha ƙasa da gurayensa.

Na san abin da masu ɗaya ra'ayin suke cewa, kuma ba shirme ba ne. Sun ce idan aka cire abin mamaki, wasan zai bushe, kuma mai son gwajin basira zalla ai ga dara nan: gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, ba sa'a ba siddabaru, wanda ya fi lissafi ya ci. Gaskiya ne. Dara ba ta da dodo, kuma ba wanda zai zauna awa biyu yana jin labarin da ba a jin tsoron komai a cikinsa. Ni ban ce a kori aljani daga wasan ba. Cewa na yi ya zama baƙo, ba ɗan gida ba. Abin da ake gani kullum ba ya ba da tsoro.

Ga yadda nake ganin za a yi. A ɗauki ayarin fatake na zamanin da, ya tashi daga Anka ya bi ta Gummi, ya nufi kasuwar Jega ta gefen Gulbin Zamfara. A cikin ayarin akwai madugu da ya san hanya da harsuna, da maharbi, da maƙeri, da wanzami, da wata tsohuwa mai sanin saiwoyi. Ƙwayar lido mai fuska shida ta ishe mu. Duk aiki mai wuya yana buƙatar 5 ko sama. Wanda bai iya aikin ba, sai 5 ko 6 ta fito masa, wato sau biyu cikin shida. Wanda sana'arsa ce, a ƙara masa 2 a kan abin da ya jefa, sai 3 da 4 ma su wadatar da shi, ya zama sau huɗu cikin shida. Kun ga gwani ya ninka ɗan koyo, amma shi ma yana iya kuskure. Malaman lissafi za su ga darasin yiwuwa ya shigo da ƙafarsa.

Shi kuwa asiri, a bar shi guda ɗaya a duk ayarin, a yi amfani da shi sau ɗaya, kuma a biya. Wanda ya shafa layar zana ya wuce 'yan fashi, to a zagaye uku masu zuwa abokansa ba sa jin maganarsa. In ƙwaya ta nuna 1, layar ta ci amanarsa a tsakiyar abokan gaba. Manyan tsafe-tsafe kuma a bar su a hannun mugun labarin, yadda sai an haɗa kai an yi tunani kafin a kayar da shi. Wannan tsari zai sauƙaƙa mana magana da malaman addini, waɗanda suke da haƙƙin tambayar me muke koya wa 'yan aji ɗaya. Kuma kada a sa ko naira ɗaya, kar wasa ya koma caca.

Akwai dalilin da ya sa na nace. A yankinmu maganar maganin ƙarfe da kau-da-bara ba a tatsuniya kaɗai take ba. Muna jin ta a bakin samari a kasuwa da tasha, kuma muna jin labarin waɗanda suka dogara da ita ba su dawo gida ba. Ba na son mu zauna a aji muna maimaita wa ƙannenmu cewa mai laya shi ne jarumi, maƙeri da wanzami kuwa masu ɗaukar kaya.

Masu goyon bayan a cika wasan da tsafi su rubuto nasu dokokin a takarda ɗaya, su ba kulob kafin Juma'a. Za mu manna su kusa da waɗannan, a gwada kowanne da mutum biyar, a ƙirga sau nawa maharbi ya samu abin yi.