SHARHI: Tseren babur na samun karɓuwa, amma a kan titin jama'a ake koyon sa

Mazauna Gabukka da sauran unguwannin Gombe ba sa buƙatar a bayyana masu ƙarar babur ɗin da aka cire wa salansa. Ranar ɗaurin aure ko yammacin Sallah, matashi zai ɗaga ƙafar gaba sama, ya yi tafiya a kan ta baya, abokinsa na ɗaukar bidiyo don TikTok. Abin da yake kwaikwayo wasa ne mai suna da ƙa'idoji a wasu ƙasashe, wato supermoto.

A Amurka aka fara shi cikin 1979, lokacin da gidan talabijin na ABC ya haɗa gwanayen tsere daban-daban a fili guda. Da aka daina shirin a 1985, sai Faransa ta rungume shi, kuma tun 2002 ake gasar duniya. Filin tseren yawanci kwalta ce, sauran kuma turɓaya da tudun tsalle. Ba a buƙatar doguwar hanya, shi ya sa ya fi sauran tseren babura sauƙin shiryawa.

Kwalta da turɓaya kuwa, kowane mahayi a Gombe a kansu ya tashi. Bambancin yana wani wuri. Ɗan tseren Turai na hawa injin 450cc da aka ƙera don wannan aiki, da hular kwano da rigar fata, ga motar asibiti a gefe. Na Gabukka na hawa Boxer mai 100cc, sau da yawa ta haya ce wadda zai kai wa mai ita balas da dare, silifa a ƙafa, yara na tsallaka titi. Idan tsautsayi ya faɗa, iyali ne ke biyan kuɗin ɗori, su kuma biya mai babur, a lokacin da kuɗin fetur ya riga ya cinye ribar acaɓa tun cire tallafi a Mayun 2023.

Hukumomi dai da idon tsaro kaɗai suke kallon babur, kuma suna da hujja. Abuja ta kori 'yan acaɓa daga tsakiyar birni a 2006, Kano ta hana su a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, Gombe kuma ta daɗe tana fama da 'yan Kalare. Sai dai hani bai taɓa raba matashi da son nuna bajinta ba. Wuri da lokaci kawai yake sauyawa. Dokar hular kwano ma da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilastawa a Janairun 2009, kowa ya ga inda ta kwana a Arewa.

A nan ne maganar ta shafi masu rubuta wa manya takardu a Abuja. Tun Oktoban 2024 aka rushe Ma'aikatar Wasanni, aka miƙa ragamar ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko, wadda ke yawan maganar mayar da wasanni hanyar samun kuɗi. Fili mai shinge a bayan gari, rajistar mahaya, sharaɗin hula da ma'aikatan jinya, duka ba su kai kuɗin gyaran filin ƙwallo guda ba. Wuyar ita ce wa zai sa hannu: hukumar wasanni, ta kiyaye haɗurra, ko gwamnatin jiha mai ikon ƙasa. Da wuya jami'i ya so a ga sunansa a takardar izini ranar da aka fara ɗauko wani a kan makara.